Sarewar Kalli a Mangazar Tattasai

Ku matso ku ji na Kalli, mutumin da Allah ya cika wa baki ya rage masa kunne.

A Diffa babu wanda bai san Kalli ɗan kabu-kabu ba. Shi ne mai jan babur ɗin nan da ya raɗa wa suna Walƙiya, wanda yake rantsuwa ya taɓa kai mai naƙuda asibiti ya dawo kafin shayinsa ya huce. Da tashin hankalin nan ya zo aka hana hawa babur a jihar baki ɗaya, sai Walƙiya ta koma zaure aka lulluɓe ta da tsohuwar tabarma. Shekara biyu ke nan. Kaji sun mai da sirdinta wurin saka ƙwai, Kalli kuma ya mai da bencin Maina mai shayi buronsa, wato ofishinsa. Kowace safiya sai ya goge madubinta da bakin riga, ya matsa ham ɗinta na roba sau biyu don kada ta manta da shi, sannan ya fita ya rarraba wa mutane shawarar da ba su tambaya ba.

Matarsa Kaltum ke riƙe da gidan, ƙosai da safe, awara da yamma. Mace ce mai haƙuri, amma haƙuri ma tulu ne, akwai inda yake cika. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ta ajiye masa kwanon abinci, ta zauna gefe.

"Baban Ummi, Yaya Grema ya sake magana. Ya ce injin Walƙiya lafiya lau yake. A cire shi a ɗora a kan katako ya zama injin niƙa, kai ka riƙa jan shi a ƙofar mangazarsa, inda yake ajiyar tattasai."

Kalli ya mayar da lomar cikin kwano. "Niƙa? Walƙiya? Wadda ta san hanyar Bosso ido rufe?"

"Ta san hanyar tukunya?"

"Ke Kaltum, ba ki san darajar abu ba."

"Na san darajarsa, tunda saniyar gadona aka sayar aka saye shi. Ka ji ni da kyau. Ranar Alhamis mai zuwa, in rana ta faɗi ba ka da aikin yi, da ƙafata zan je in kira Alkali makaniki da sifanarsa."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta yi gaba. Kalli ya san matarsa. Ba ta yawan magana, amma wadda ta yi ba ta tsincewa a ƙasa.

Washegari a bencin shayi sai ga labari. Wani proje na ƴan agaji mai kula da yaran da aka raba da garuruwansu yana neman wanda zai riƙa koya musu wasa da waƙa har shekara guda, a rumfarsu da ke bakin gari. Ranar Alhamis za a gwada mutane, kowa ya zo da abin da ya shirya da kansa, amma ya zama daga wata waƙar ƙasar nan ya ɗauko shi. Ana cikin zancen Maina ya ciro salularsa ya nuna musu wani abin dariya da aka turo masa: wata Baturiya ita kaɗai a ƙaramin ɗaki da sarewa, ta busa, ta tsaya, ta yi huci, ta yi tsit kamar ta manta abin da ya kawo ta, mutane kuma suka tashi suna tafi.

Kowa ya yi dariya ban da Kalli. Ya karɓi salular ya kalla sau uku.

"Jahilci dai ciwo ne," ya ce. "Wannan shi ake kira kiɗan ɗaki, na zamani. Ba ganga, ba algaita, ba maroƙi. Mutum ɗaya, sarewa ɗaya. Waƙar baka ake ɗaukowa a cire kalmomin a bar ranta. Na sha ɗaukar irin waɗannan mutane a bayan Walƙiya."

"Ka taɓa busa sarewa, Kalli?" Maina ya tambaya yana ɗaga buta.

"Ni da na hura tayar babur da baki a dajin Toumour?"

"Cewa ka yi wancan karon da famfo ne."

"Famfon ya lalace a rabin hanya. Ku rubuta ku ajiye: ranar Alhamis duk wanda ya ji busata sai ya zubar da hawaye. In aka sami mutum ɗaya da idonsa ya bushe, ku daina ce mini Kalli."

"Me za mu ce maka?"

"Ba za ku buƙata ba."

Waƙa kuwa ba sai ya je nesa ba, tana cikin gidansa. Ya Habiba, tsohuwar da ta zo daga wajen Yebi da tabarma ɗaya da tukunya ɗaya, Kaltum ta ba ta ɗakin baya. Aikinta tsinke hancin tattasai a mangazar Grema, in kuma ta kawo aikin gida, tana yi tana rera wata waƙa da ta ƙaga da kanta da Kanuri, tana yi wa kogin Komadugu magana. In aka juya ta da Hausa, ga abin da take cewa:

Komadugu, baƙon shekara,
ka zo da ruwa ba ka same ni ba.
Na bar ƙofa a buɗe, na bar tukunya a wuta,
na bar tattasai yana ja babu mai tsinka.
In ka bi ta gonata ka gaishe ta,
ka ce mai ita ba fushi ta yi ba.

Kalli ya durƙusa gabanta da fara'a irin ta mai neman aro, ya gaishe ta da Kanuri. "Wushe, Ya Habiba. Albishirinki. Zan ɗauki waƙar nan taki in kai ta duniya."

"Ka iya ɗaukarta, ɗana? Nauyi gare ta."

"Ai kalmomin zan cire."

"In ka cire kalmomin me ya rage?"

"Rai, Ya Habiba. Rai."

Tsohuwa ta jefa tattasai cikin faifai. "To. Ka zubar da nama, ka zubar da romo, ka ba baƙi tukunya su lasa. Allah ya ba da sa'a."

Kalli ya ɗauki wannan a matsayin izini. Ya raba aikinsa kashi uku, ya rubuta da gawayi a bangon zaure: Zuwan Ruwa, Jan Tattasai, Shiru. Ya kira Kaltum ta gani.

"Na ukun na riga na gama shi," ya ce.

"Shi ne ban taɓa jin ka gwada ba," ta ce.

Saura sarewa. Ya hau katanga ya yanko rabin tiyon indararo, ya gasa ƙusa ya huda shi wuri shida, ya zauna bayan la'asar ya fara. Abin da ya fito daga tiyon nan, Allah ya sani ba busa ba ce. Kaji suka sauka daga kan Walƙiya suka bi ta ƙarƙashin zana, daga ranar a gidan maƙwabta suke ƙwai. Can sai ga maƙwabciyarsu ta faɗo babu sallama, da wuƙa a hannu, tana haki.

"Kaltum! Ina akuyar? A kira namiji ya yanka ta kafin ta zama mushe!"

"Ba akuya ba ce, Baban Ummi ne."

"Innalillahi! Me ya same shi?"

"Zuwan Ruwa."

Matar ta leƙa zaure, ta dubi Kalli, ta dubi tiyo, ta dubi indararon da aka guntule. "Ruwa kam zai zo," ta ce, "in damina ta faɗi a tsakar ɗakinku zai sauka."

Da asubar Lahadi ya sake gwadawa, liman ya aiko a gaya masa cikin ladabi cewa mutane suna lazimi a wannan lokacin, kuma akwai masu hawan jini a unguwa. Kalli ya gane matsalar nan take: tiyo ne bai kai matsayinsa ba.

Ranar Litinin ya nufi bakin gari. Can bayan shingen sojoji rumfar proje take, kusa da ita mangazar Grema, bayan mangazar kuma zangon Jibirin, wani Bafulatanin Toumour da ya tsira da iyalinsa da shanu goma sha ɗaya. Kalli Babarbare ne, kowa kuwa ya san tsakanin Babarbare da Bafulatani sai wasa, in sun haɗu babu mai raga wa wani.

"A'a, bawana ya zo gaida ubangijinsa!" Jibirin ya ce tun daga nesa. "Me ka kawo mini?"

"Na zo in ƙirga shanun da ka sato. Kai Bafillace, ara mini sarewa. Zan fitar da ita daga daji in shigar da ita cikin mutane."

Jibirin ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ciro sarewa biyu daga jakarsa, ya miƙa masa ɗaya. Ya juye kanwa a cikin kwami, ya ɗora tasa a baki ya busa wani ɗan gajeren sauti mai hawa sama kamar kira. Kalli ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Da ya waiwaya da ya ga shanun nan sun ɗaga kai a tare sun taho a guje. Amma ya ba su baya, yana zayyana wa iska yadda za a yi masa tafi.

"Wannan nake so! Koya mini shi."

Rabin yini Jibirin ya yi yana kama masa yatsu. Sautin bai fita ba, amma yatsun sun san wurinsu. Da Kalli zai tafi, Jibirin ya riƙe masa hannun riga, ya daina dariya.

"Ka ji, Kalli. Wannan kada ka busa shi inda shanuna za su ji. Kiran kanwa ne. Da shi kakana ya kira nasa, da shi babana ya kira nasa. In sun ji shi, ko bango ne a gabansu sai sun ratsa."

Kalli ya ƙyafta masa ido. "Ka yi ƙoƙari, taubashi. Saura kaɗan in yarda."

"Wallahi ba wasa nake ba."

"Har da rantsuwa! Ranar da Bafulatani zai gaya wa Babarbare gaskiya, ranar Komadugu zai juya ya koma yamma. Ƙyashi kake kada in yi suna da kayanka."

"To, bawana. Na gaya maka, Allah ya ji."

Kalli ya naɗe sarewa a baƙin ƙyalle, ya ɗaura mata igiya, ya rataya a kafaɗa don kowa ya san maƙaɗi ne ke tafe. A shinge kuwa kowa ya sani, ba a zuwa da dogon abu baƙi a kafaɗa.

"Kai! Tsaya nan! Ɗaga riga! Ajiye abin nan a ƙasa, a hankali!"

Layin mata masu ɗauke da itace ya dare biyu. Kalli ya tsaya da tumbi a waje, hannuwa sama.

"Sarewa ce, shef! Wallahi sarewa ce!"

"Kwance ta da hannu ɗaya." Ya kwance. "To busa mu ji."

Tsoro ya busar masa da leɓe. Ya hura, iska ta wuce fuuu. Ya sake hurawa, ko fuuu ɗin bai samu ba.

"Ina busar?" sojan ya tambaya.

"Ita ce wannan, shef. Kashi na uku ne. Shiru."

Sojan ya dube shi daga hula har takalmi. Ya karɓi sarewar, ya leƙa cikinta, ya goge bakinta da hannun riga, ya busa wani sauti mai taushi irin na makiyayan garinsu, har wata tsohuwa a layi ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ya miƙa wa Kalli abarsa.

"Sarewa ta wuce, ba ta da laifi. Kai ne ban gane maka ba. Sauke rigarka ka tafi."

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Da ya shiga zaure sai ya lura an share gefen Walƙiya tas, an kawar da tarkace, kamar inda ake shirin aiki.

Alhamis ta zo da zafin bazara irin wanda ƙadangare ma ke neman inuwa. Bayan azahar rumfar proje ta cika: yara a gaba, iyaye a baya, ƴan bencin shayi sun rufe buro sun zo gaba ɗaya. A tebur ga Madam Yasmin, shugabar projen da ta zo daga Yamai, da mutum biyu masu taya ta zaɓe. Wani ya yi algaita, wata ta yi tatsuniya da waƙa, aka tafa musu. Sai aka kira Kalli. Ya fito cikin baƙar kwat ta gwanjo a kan jallabiya, gumi yana bin wuyansa.

"Madam, da farko ina da magana. Abin da na zo da shi kiɗan ɗaki ne. Ba a yin sa a fili kamar tallar goro. Sai da bango huɗu da rufi."

"Mushe Kalli," ta ce, wato Malam Kalli da Faransanci, "ba mu da ɗaki a nan, rumfa ce kawai."

"To ba za a ji abin da ba a taɓa ji ba."

Madam ta ɗan yi sha'awar abin. Ta waiwaya tana neman gini, idonta ya sauka a kan mangazar Grema. Grema yana tsaye a ƙofa, ya ɗaga hannu.

"Madam, tattasai ne a ciki. Tun da aka hana fitar da shi yake jibge, busasshe da dakakke. Ni ba na hana suruki ɗaki, amma a bar ƙofa a buɗe, a shiga a hankali, kada a taɓa buhu."

"Yaya Grema," Kalli ya ce, "kai ka san buhu, ni na san sauti."

Ɗan Diffa ya san yadda ake shiga mangazar tattasai: da rawani a hanci, da ƙafa marar nauyi. Madam ba ƴar Diffa ba ce. Ta shiga da littafinta, mutanenta suka bi ta, ƴan bencin shayi suka bi su don kada a ba su labari, har wajen mutum talatin. Kalli ya ja ƙofar kwano ya rufe, ya sa sakata, ya cusa tsumma a tagar sama kada sauti ya zube. Sannan ya duba bai ga dandamali ba, sai ya haye tarin buhuna, yana taka su ɗaya bayan ɗaya. Kowane taku, buhu ya yi ajiyar zuciya.

"Kashi na farko," ya ce daga sama. "Zuwan Ruwa. Daga waƙar Ya Habiba ta Yebi, an cire kalmomi."

Ya ware ƙafafu, ya rufe ido, ya ja numfashi tun daga ɗan yatsan ƙafa kamar yadda ya ga Baturiya ta yi. Abin da ya shiga ƙirjinsa ba iska kaɗai ba ce. Ya riƙe, ya riƙe, fuskarsa ta kumbura, sai atishawa ta ƙwace ta bi ta cikin sarewa ta fito da ƙara irin ta zabuwar da aka taka.

"Ruwa ke nan ya bugi gaɓa," ya ce yana share hanci.

Madam ta rubuta wani abu. Maina ya cusa hula a baki.

"Kashi na biyu. Jan Tattasai."

Wannan kashin da rawa ya shirya shi. Ya fara buga ƙafa a kan buhu, dama, hagu, dama. Ta wata ƴar huda a rufi rana ta shigo, mutane suka ga hasken ya koma ja. Wani a baya ya yi tari. Na kusa da shi ya amsa. Madam ta buɗe baki za ta yi tambaya, atishawa bakwai suka fito a jere, tabaranta ya faɗa cikin littafi.

"Mushe Kalli... a buɗe... ƙofa..."

"Saura kaɗan, Madam, yanzu ne zai shiga jiki! Kashi na uku! Shiru! Jama'a, Shiru ne wannan, a yi shiru!"

Babu shirun da ya taɓa yin ƙara irin wannan. Mutum talatin suna atishawa, suna tari, suna salati, wasu sun taru a ƙofa suna kokawa da sakatar da ta cije. Ta cikin hawaye Kalli ya hangi Madam ta rufe littafinta, ya kuma hangi Walƙiya a zuciyarsa, an kwantar da ita an buɗe mata ciki. Abu ɗaya ya rage masa. Ya ɗora yatsu inda Jibirin ya koya masa, ya ce bismillah, ya busa.

Ikon Allah, sai ta fita. Tun da aka haifi Kalli bai taɓa yin abu ya yi kyau haka ba. Sautin ya tashi siriri, garau, ya hau sama ya ratsa kwanon rufi. Shi kansa ya yi mamaki, don haka ya sake busawa, ya kuma ƙara na uku.

A rumfa, Jibirin yana zaune yana jiran a fito ya yi dariya. Ya miƙe zumbur.

"La'ilaha illallahu! Bawan nan ya kashe ni!"

Ƙasa ta fara rawa. Na cikin mangaza suka ji wani abu ya daki ƙofa sau ɗaya, sakatar da ta gagari maza biyar ta yi tsalle. A karo na biyu ƙofar ta kwanta. Jar saniya mai dogon ƙaho ta shigo, goma suna bin ta. Mutane suka manne da bango, suka riƙa zamewa waje ta tsakanin ƙafafu da wutsiyoyi. Ƙahon jar ya soki buhun dakakke, ta girgiza kai, ɗaki ya zama ja wur har ba ka ganin tafin hannunka.

Shanu suka duba ba kwami, ba kanwa. Amma ga wanda ya kira su can sama, ya jiƙe sharkaf da gumi cikin baƙar kwat, gumi kuwa gishiri ne. Buhun da Kalli yake kai ya zame, ya gangaro ya zauna daɓas a tsakiyarsu. Harshe ya bi ta kuncinsa kamar an goga masa dutsen wanki. Wani ya bi ta ƙeya.

"Jibirin! Taubashi! Ubangidana! Zo ka kwashe iyayenka!"

"Me ka ce?" Jibirin ya amsa daga waje. "Ban ji na ukun ba."

"Ubangidana! Na ce ubangidana!"

"Yawwa. Jama'a ku shaida."

Jibirin ya ciro tasa sarewar ya fara wani sauti daban, mai nauyi, a hankali, wanda yake kora su gida da shi in yamma ta yi. Shanu suka fito ɗaya bayan ɗaya suna furzar da hanci, jar tana gaba da rabin kwat a ƙahonta.

A waje mutane sun zube a ƙasa suna wanke ido. Ya Habiba, wadda shekara hamsin tana cikin tattasai har ya daina yi mata komai, tana bi da buta tana zuba musu ruwa a hannu. Ta ɗaga kai ta ga jan gari yana tashi daga ƙofa yana bin iska wajen kogi, ga busar Jibirin tana tafiya a hankali. Bakinta ya kama waƙarta da kansa, yadda ya saba in hannunta na aiki. Komadugu, baƙon shekara. Jibirin ya ji, ya rage sauti, ya bi bayan muryarta. Inda ta tsaya ta ja numfashi, sarewa ta cike wurin.

Tari ya lafa. Yara suka daina guje-guje. Rabin mutanen da ke wurin sun bar ƙofa a buɗe a wani gari, kowa ya san tasa. Da ta kai inda take cewa mai gona ba fushi ta yi ba, wani dattijo daga Bosso ya ja rawani ya rufe fuska, shi kuwa ko kusa da mangaza bai je ba.

Madam Yasmin ta goge tabaranta ta mayar. Muryarta ta dishe. "Wa ya yi waƙar nan?"

"Ni ce, ƴata. Ba wata abu ba ce, ta tsinkar tattasai ce."

"Ke da mai sarewar nan nake so. Ku biyu. Ran Litinin ku fara."

Daidai nan Kalli ya fito, ja tun daga gashi har ƙafa, hannun kwat ɗaya, gefen kansa a lashe ya kwanta luf. Ya tsaya ya dubi taro, ya ga ido duk sun yi jawur, kumatu duk a jiƙe. Sai ƙirjinsa ya buɗe.

"Maina! Me na gaya muku a benci? Duba da kyau! Madam ta yi, alƙalai sun yi, Yaya Grema ma ga shi yana yi!"

"Buhuna nake wa," Grema ya ce.

"Kuka dai kuka ne. A nuna mini mutum ɗaya da idonsa ya bushe!"

"Ga ni."

Kaltum ce, tsaye a bakin rumfa da mayafinta, idonta garau. A gefenta Alkali makaniki yana rataye da jakar sifana. Ta ɗaga hannu ta nuna yamma, inda rana ta fara sauka a kan itatuwa.

Kalli ya dubi rana, ya dubi Alkali, ya haɗiye yawu mai yaji. "Kaltum, a bar mini ham ɗin."

"An bar maka."

"Da madubi."

"Ka ɗauka. Ka fara duba kanka a ciki."

Grema ya dafa kafaɗarsa, jan gari ya tashi. "Kada ka damu, suruki. Abin da ya zube dama sai an sake tankaɗewa an niƙa. Allah ya kawo aiki, ya kawo mai yi, rana ɗaya."

Yanzu in ka bi ta bakin gari da hantsi, za ka ji sarewa da muryar tsohuwa daga rumfa, yara suna amsawa. Kusa da su, a ƙofar mangaza, ga injin Walƙiya a kan katako, an ɗaure masa madubi a gefe. Mai jan shi ya naɗe hanci da rawani har biyu. Kafin ya tayar sai ya matsa ham sau biyu, ya jira mata masu layi su yi tsit. In baƙuwa ce ta kawo niƙa, yakan sunkuyo ya gaya mata cewa waɗancan biyun na rumfa shi ya haɗa su, shi ya tsara komai tun daga shanu har ƙofa, wannan ƙarar da take ji kuma kashi na huɗu ne.

Ran nan Ya Habiba tana wucewa ta ji shi. Ta tsaya ta saurari injin, ta gyaɗa kai.

"Wannan kam ka iya shi, ɗana," ta ce. "Ga shi har ana cin tuwo da shi."

Nan na ajiye shi, kafin tattasai ya shiga hancin wani.